Gurasar da Musharrafa Ta Karya

Kwana huɗu ke nan da zuwansu ƙauyen Sarikul, kuma kwana huɗu ke nan Musharrafa tana mita a kan abu guda.

Wai wannan wane irin hutu ne? Mutum ya bar murhunsa a birnin Hujand, ya sha tafiyar awa shida a kan duwatsu har hanjinsa ya juya, don kawai ya zo ya tsuguna gaban murhun wasu. Gidan na haya ne, irin na masu zuwa shan iska, ɗaki biyu da kicin, sai dandamalin katako a tsakar gida mai kallon tafki. Babu mai dafa wa kowa. An ajiye maka tukunya da itace da gishiri a kwalba, in ka ga dama ka girka, in ka ga dama ka wuni kallon ruwa.

Mehrangez ba ta tanka wa uwarta. Ta daɗe da gajiya da tankawa. Shekararta talatin da ɗaya, ita ke riƙe da kantin magani guda a bakin babbar kasuwa, likitoci ma sukan kira ta a waya su yi tambaya, amma a gaban Musharrafa har yau yarinya ce da ba ta iya yanka albasa ba.

Ita ta nemo gidan. Ta ce wa uwar iskar dutse za ta sauke mata hawan jini, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai ta haɗiye sauran maganar. Sauran kuwa shi ne, Sarikul garin su Sorbon ne.

Sorbon malami ne a makarantar ƙauyen. Shekara huɗu yana son ta tana son shi. Sau biyu kawunnansa suka sauka Hujand da ƙunshin neman aure, sau biyu Musharrafa ta sallame su daga bakin ƙofa, ko taɓa ɗaurin ƙunshin ba ta yi ba. Laifinsa ɗaya ne tak. Su Musharrafa gidan sharifai ne, ba sa ba da 'ya sai ga sharifi, shi kuwa kakanninsa tumaki suke korawa tun da aka san su. Ko sunan garinsu ba ta taɓa tambaya ba, ɗan dutsen nan kawai take ce masa.

Da irin samarin yanzu ne, da tuni sun je ofis sun sa hannu an wuce wurin. To Sorbon taurin kai ne da shi irin na mutanen kirki, mai gajiyar da mutum. Ya rantse ba zai ɗauke ta ba sai uwarta ta ɗaga hannu ta sa musu albarka. Ya ce ya ga yadda auren yayarsa ya ƙare, wanda aka yi uwa tana kuka, kuma shi ba ya so.

Dabarar Mehrangez ba wata babba ba ce. So take uwar ta huta, ta ci abincin mutanen nan, ta ga su ma da hannu suke ci, sannan ta ga Sorbon da idonta. Kuma kamar abin ya fara kamawa. Matan ƙauyen ne ke kawo wa gidan gurasa da hantsi, karɓa-karɓa, yau wannan gobe waccan, kowace daga tanderunta. Musharrafa sai ta juya gurasar ta taɓe baki, sannan ta cinye rabi da zuma kafin shayi ya huce. Jiya kuma kifin tafki suka soya, har ƙaya ta tsotse.

Ranar Alhamis da safe Mehrangez ta ɗauki kwano ta ce za ta sauka bakin ruwa ta samo wani kifin. Musharrafa tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce a duba idonsa, kada a kawo mata na jiya. Ta sa ɗankunnenta na zinare da sassafe haka, amma Mehrangez ba ta kawo komai a ranta ba.

Sorbon yana inda ake ɗaure kwale-kwale, da kifi biyar a zare a reshe. Ya rame. Ita ma ta san ta rame. Suka gaisa da tazara a tsakaninsu, don a Sarikul babu tagar da ba mai leƙe a bayanta.

Ya tambaye ta jikin Oca. Haka yake kiran uwarta, yadda kowa ke kiran tasa uwar, tun ba a ba shi izini ba. Ta ce da sauƙi. Ya ce tasa tsohuwar, Anorgul, ta wanke farin ƙyallen ƙunshin neman aure ta shanya tun ranar da suka iso, kullum sai ta tambaye shi yaushe. Wai wannan karon da ƙafarta za ta je, tunda maza sun kasa.

"Ka riƙe ta zuwa gobe," in ji Mehrangez. "Bayan Juma'a ka zo ka gaishe da Oca a matsayin malamin gari. Ta gan ka tukuna, ta ji maganarka. Daga baya ni zan faɗa mata ko kai wane ne."

"Mehri, gobe nawa muka yi ni da ke?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi. Ya ce kawunnansa sun gaya masa ba za su ƙara taka Hujand ba, in kuma aka gama tsinkar tuffa bai kawo mata ba, su za su zaɓa masa. Tsohuwar ba ta iya ɗauko bokiti daga rafi yanzu. Shi dai ya ja iya jansa.

"Na gaji, Sorbon. Ba da kai na gaji ba. Na gaji da tashi kullum ina lallashin mutum biyu, kowanne yana ganin shi nake cuta."

Ta share ido da gefen mayafinta. Shi kuma ya tsaya da kifi a hannu, ba damar matsowa.

A haka suka ji ƙugin mota. Wata doguwar baƙar mota ce ke hawowa a hankali, tana kauce wa duwatsu kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi. Mehrangez ta gane ta nan take. Sorbon ya tambaye ta ta wa ce, ta ce ta Saidakbar.

Bai buƙaci ƙarin bayani ba, ya sha jin sunan. Saidakbar ɗan Muhtarama ne, 'yar gwaggon Musharrafa. Sharifi ne gaba da baya, shagunansa biyu na kayan gini, shekara arba'in da 'yan kai. Ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Mutum ne da zai zauna awa biyu yana yi maka bayanin bambancin siminti da siminti, ya tashi yana ganin ya yi zance. Sau uku Mehrangez tana cewa a'a, sau uku uwarta tana cewa ba ta ji da kyau ba.

Ashe kowacce da abin da ta ƙunso a ranta ta hawo dutsen. Ita ta kawo uwarta garin Sorbon, uwar kuma ta kira Saidakbar inda 'yarta ba ta da kantin da za ta gudu ta ɓuya.

Ta karɓi kifin ta hau gangaren.

Ta tarar Muhtarama ta baje a dandamali tana fifita, haƙoran zinarenta duk a waje. Ta rungume ta tana kiranta amaryarmu, tana cewa ai iskar nan ta karɓe ta. Saidakbar ya miƙe da hannu a ƙirji, da kwalin alewa a gefensa. Mehrangez ta ce, "Sannu da hanya, Aka," yadda ake ce wa yaya, ta wuce kicin.

A kicin Musharrafa ta rikice. Baƙin sun riga lokacin da ta sa musu, shinkafar osh, dafa-dukan da ake yi wa baƙi, ko jiƙuwa ba ta gama ba, ga shi Muhtarama ta riga ta ce tun asuba ba su sa komai a ciki ba. Sai ta yanke a yi kurutob, don shi ba ya ɗaukar lokaci. Ta dama busasshen kindirmo, ta soya albasa da mai, ta jawo akushi. Saura gurasar da za a yayyaga a ciki, gurasa kuwa ko gutsure babu a gidan. Matar da ke da layi yau ba ta zo ba. A wurinsu a shimfiɗa wa baƙo ƙyallen abinci babu gurasa abin kunya ne babba, kuma Muhtarama ba ta riƙe labari, kafin su koma duk Hujand ta ji.

Mehrangez ta tambaye ta ƙasa-ƙasa me ya sa ba ta faɗa mata za su zo ba. Musharrafa ta ce yanzu ba lokacin wannan ba ne, ta ɗauki wuƙa ta yanka tumatir.

Tana cikin yankan ne aka yi sallama a ƙofar gida.

Wata ƙaramar tsohuwa ce, sanye da rigarta ta Sallah, koriya mai furanni, da sabon takalmin roba. Ta rungume ƙunshi a ƙirji da hannu biyu. Farin ƙyalle ne tas, an haɗe kusurwoyinsa huɗu an ɗaure a sama. Gurasar kullum a tsohon mayafi mai launi ake kawo ta, a rataye a hannu ɗaya.

Mehrangez ta gane fuskar, Anorgul ce, ta sha ganinta a wayar Sorbon. Sai daga baya ta ji yadda aka yi. Mata ne suka hango motar, suka ce sun ga mace mai haƙorin zinare da namiji ɗauke da kwalin alewa, kuma ko yaro ya san abin da wannan ke nufi. Anorgul ba ta jira ɗanta ba, ta kwashe gurasar da ta gasa da safe ta gangaro.

A al'ada mai neman aure ba ta buɗe baki a ƙofa. Sai an zaunar da ita an zuba mata shayi, sannan ta ajiye ƙunshin ta faɗi abin da ya kawo ta. In an mayar mata da shi a ɗaure, an ƙi. In kuwa uwar yarinya ta kwance, ta karya gurasar a gaban mutane, magana ta ƙare, an ba da.

Musharrafa ta fi kowa sanin wannan, ita da ta mayar da biyu. Amma a wannan lokacin idonta ya rufe, ƙamshin gurasa kawai take ji.

"Sai yanzu, baiwar Allah? Kawo, kawo. Allah ne ya kawo ki."

Ta karɓe ƙunshin daga hannun tsohuwar ta nufi dandamali.

Taku uku ne tsakanin Mehrangez da uwarta. Kalma ɗaya ta isa. Ta ce Oca, ta nuna farin ƙyallen, shi ke nan. Har ta buɗe baki. Sai ta ji muryar Sorbon yana tambayar gobe nawa suka yi, ta hango Saidakbar yana gyara zama, ta ji wata irin gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa. Ta rufe bakinta. Tana sane ta rufe, babu wanda ya rufe mata.

Musharrafa ta durƙusa ta kwance ɗaurin. Ta ɗauki biyun sama, ta yi bisimilla da ƙarfi don baƙi su ji, ta karya. Ta miƙa wa Muhtarama, ta miƙa wa Saidakbar, ta juya ta ba wadda ta kawo, don ba a karya gurasa a hana na tsaye. Sannan ta gutsura ta kai bakinta.

"Ta yau ta fi ta kullum," in ji ta.

Anorgul ta tsaya da gutsuren a hannu. Ta zo da shirin roƙo, da shirin wulaƙanci ma, ta haddace maganganu tun daga gida, ga shi ko zama ba ta yi ba. Hawaye suka zubo mata. Ta kama hannun Musharrafa ta ɗora a idanunta, ta ce ita dai ba ta da bakin godiya, Allah ya biya ku. Ta juya ta fita da sauri, har takalmin yana neman zamewa.

Musharrafa ta goge hannunta a riga tana 'yar dariya. Ta ce mutanen dutse ke nan, ka yabi gurasarsu sai kuka. Saidakbar ya ce lallai tanderun da aka gina da jar ƙasa ya fi riƙe zafi, ya ƙara gutsura.

Muhtarama ce ta ɗaga gurasa ta uku. A ƙarƙashinta akwai farin mayafi a ninke, da farar alewa a takarda, irin na ƙunshin neman aure.

Ta dubi mayafin, ta dubi ƙyallen, ta dubi 'yar'uwarta. Haƙoran zinaren suka ɓace.

"Musharrafa, don wannan kika kira mu? Mu sha hanya mu zo mu yi miki shaida?"

Saidakbar ya daina tauna. Ya rasa ko ya haɗiye ko ya fitar.

Musharrafa ta miƙa hannu. Ta ɗauki mayafin da yatsa biyu ta ajiye. Jinin fuskarta ya janye, har Mehrangez ta tuna da kwalbar maganin da ke cikin jaka. Can sama a cikin ƙauyen wata ta fara buga bandiri, wata ta amsa daga wani gidan.

"Uwar wa ce?"

"Uwar Sorbon ce, Oca."

Muhtarama ta shiga zuba. Ta ce a aika yanzu-yanzu a ce kuskure ne, a sayi gurasa goma a mayar musu, ai ƙauyawa ne, za su yi surutu su gaji. Da ta ga ba a amsa mata ba sai ta miƙe tana kakkaɓe riga, ta ce ita ba za ta zauna a ɗaura da ita a gefe ba. Saidakbar ya ɗauki mukullin mota. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa Mehrangez Allah ya sa alheri, ƙanwata, kuma ga dukkan alamu da gaske yake. Kwalin alewar ma ya bar shi.

Musharrafa ta shiga ɗaki. Mehrangez ta bi ta ta rufe ƙofa.

Uwar tana zaune a kan katifun da aka jera jikin bango, hannuwanta a cinya. Ba ta yi ihu ba. Mehrangez ta saba da ihun, ta san yadda ake sunkuyar da kai har ya wuce, wannan shirun ne ba ta san yadda ake yi da shi ba.

"Ki kalle ni. Kin gane ƙunshin?"

Ƙarya tana kusa, kuma mai sauƙi. In ta ce ba ta lura ba, uwar za ta so ta yarda, kuma za ta yarda.

"Na gane."

"Tun kafin in karɓa?"

"Tun tana bakin ƙofa."

"Garin fa?"

"Garinsu ne. Ni na zaɓa."

Musharrafa ta gyaɗa kai a hankali. Ta cire ɗankunnen ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a gefe.

"Ni na ɗauka hutu kika kawo ni. Wallahi jiya ina cin kifin nan na ce a raina, yarinyar nan tana tausayina. Duk mitar da nake yi, daɗi nake ji, Mehri. Rabona da a kai ni wani wuri tun ubanki yana da rai."

Nan kukan ya ƙwace wa Mehrangez. Ta durƙusa a gabanta, ta ce ai ita ma ta kira su Saidakbar ba ta faɗa mata ba.

"Na kira. Amma da bakina zan roƙe ki, in kin ce a'a kuma a'a ce, kamar sau ukun baya. In yi fushi, in yi gaba da ke mako guda, in sauko. Na taɓa tsayawa ina kallo hannunki yana yin abin da zuciyarki ba ta sani ba?"

"Shekara huɗu, Oca. Shekara huɗu ko sunan garinsu ba ki tambaya ba. Ba ki taɓa ganin fuskarsa ba. Da kin gan shi kin ce bai yi miki ba, da na haƙura. Ni ba yarinya ba ce, ƙawayena 'ya'yansu sun shiga makaranta. Kullum in dawo daga kanti in tarar da ke, in kwanta in tashi in koma. Ba ki taɓa tambayata ko na gaji ba."

"Ni kin tambaye ni? Ubanki abu biyu ya bar mini, ke da sunan gidan nan. Kin ɗauka daɗi nake ji ina korar dattawa daga ƙofa? Kowane taro na je sai an tambaye ni ke. Ina riƙe da abin da aka ba ni ne, ban san yadda ake sakinsa ba."

Suka yi ta kuka, kowacce a wurinta, babu mai taɓa wata. Bandirin yana ta ƙaruwa, yanzu har da muryoyin mata.

Da Mehrangez ta samu numfashi sai ta ce za ta hau da kanta ta faɗa musu. Za ta ce laifinta ne, uwarta ba ta sani ba, a mayar da komai yadda yake. Ta faɗa ne tana jin kamar ana zare mata rai, amma da gaske take.

"Ki ce musu me? Tsohuwar nan ta ɗora hannuna a idonta. Na yi bisimilla na karya, na rarraba, na ci. Ba zan tsaya gaban gurasa in ce wasa nake yi ba, ba a yi haka a gidanmu ba." Ta share fuskarta da tafin hannu. "Abin da na karya na karya. Zan yi miki kayan ɗaki, zan yi miki biki, babu wanda zai ji komai a bakina. Tashi ki wanke fuska, baƙi na zuwa."

"Oca, ki yafe mini."

Musharrafa ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango. Ta tambaya ko shinkafar ta jiƙu.

Tare suka yi girkin. Uwar tana soya nama da karas a babbar tukunya, 'yar tana hura wuta, in ana son gishiri a nuna da hannu. Kurutob ɗin da ba a ci ba yana gefe a akushi, mai ya daskare a kansa. Mehrangez ta samu abin da take roƙo shekara huɗu, amma ko ɗigon farin ciki ba ta ji ba, kunya kawai take ji da ciwon kai.

Bayan la'asar suka gangaro. Tsohon limamin garin ne a gaba da sandarsa, sai kawunnan nan biyu da aka taɓa kora, sun sha rawani suna tafiya kamar ba su taɓa jin haushin kowa ba. Bayansu Anorgul da mata, da farantan inabi da zuma da man shanu. Sorbon ne a ƙarshe, yana jan farin rago. Ango ba ya zama a irin wannan taro, don haka ya tsaya a bakin ƙofa ta waje, inda yake hango dandamalin.

Mehrangez ta leƙo daga kicin ta ga fuskarsa. Rabonta da ganin wannan fuskar tun shekarar farko. Yana ta ƙoƙarin danne murmushi yana kasawa, kamar yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga.

Musharrafa ta tarbe su yadda 'yar babban gida ke tarbar baƙi. Ta zaunar da liman a sama, ta tambayi kawunnan lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ta jawo Anorgul kusa da ita ta zuba mata shayi da hannunta. Aka kawo osh, aka ci, aka yaba. Ƙaramin kawun har ya ce ashe mutanen Hujand ma sun iya shinkafa, aka yi dariya, ita ma ta yi. Babu wanda zai ce matar nan ta yi kuka yau.

Da aka kwashe faranti liman ya gyara murya. Ya ce tunda uwar yarinya ta karya gurasa, abin da ya rage shi ne albarka, a ɗaga hannu.

Kowa ya ɗaga. Kawuna suka sunkuya, idanu suka koma cikin tafin hannu. Liman ya shiga jero addu'a, Allah ya haɗa kansu, Allah ya ba su zuriya, Allah ya sa su tsufa tare. Anorgul tana amin tana shessheƙa.

Mehrangez ta ɗaga nata a ƙofar kicin, amma idonta yana kan uwarta.

Musharrafa tana zaune a miƙe, tana kallon tafki. Hannuwanta biyu suna kife a kan gwiwoyinta. Ba ta ɓoye su a mayafi ba, ba ta kuma motsa su ba, tun daga farkon addu'ar har ƙarshenta.

Aka shafa. Mata suka ɗauki bandiri, babban kawun ya ɗaga murya ya ce wa Sorbon ya shigo da ragon.

Sai a lokacin Mehrangez ta dubi ƙofa. Hannuwan Sorbon suna sama har yanzu, bai shafa ba. Shi ma ba tafinsa yake kallo ba, gwiwoyin Musharrafa yake kallo, kuma murmushin nan babu shi. Ya sauke hannuwan a hankali, ya juyo ya nemi idon Mehrangez.

Kawun ya sake kira. Sorbon ya naɗe igiyar ragon a hannunsa, bai tako cikin gidan ba.

"Mehri," ya ce, a gaban kowa, "zo ki faɗa mini yadda aka karya gurasar nan."